Zinare biyu, shida ko bakwai? Fashin baƙi kan tarihin Marielle Goitschel, gwarzuwar zamiyar ƙanƙara ta Faransa

Tun da Kwamitin Olamfik na Duniya ya bai wa Faransa damar karɓar baƙuncin wasannin hunturu na shekarar 2030 a tsaunukan Alps, a watan Yulin 2024, ake ta waiwayar tsofaffin gwanayen ƙasar, kuma a cikin mata da wuya a fara lissafi ba a sa sunan Marielle Goitschel a gaba ba. Sai dai duk wanda ya bi abin da ake faɗa a kanta zai tarar cewa bakin bai zo ɗaya ba. Wani ya ce lambobin zinare biyu ta ci, wani ya ce shida, wani kuma ya kafe a kan bakwai. Ana kiranta babbar 'yar wasan zamaninta, alhali ba ta taɓa ɗaukar babban kofin duniya ba, sannan ta ajiye wasa tana da shekara 22, wato shekarun da 'yan wasan yau ke soma tashe. Wane lissafi ne daidai, kuma me ya kawo saɓanin?

Amsar a taƙaice ita ce, kowane adadi yana da gaskiyarsa, domin kowanne ya dogara ne a kan wata doka ta wancan zamani da aka yanke a ofis, ba a kan tsauni ba. Wanda bai san dokokin ba, ko dai ya rage mata haƙƙinta, ko ya auna ta da mudun da bai dace da ita ba.

Wasan kansa da gasanninsa uku

Zamiyar tsauni ita ce mutum ya ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulalo daga saman dutse a kan dusar ƙanƙara yana ratsa ƙofofin da aka kafa da sanduna masu tutoci. Ba a sakin 'yan wasa gaba ɗaya kamar yadda ake yi a tseren gudu. Ɗaya bayan ɗaya suke saukowa, agogo ne alƙali, kuma wadda ta tsallake ƙofa ɗaya tak an fitar da ita komai saurinta.

A zamanin Goitschel tsere iri uku ake yi. Akwai tseren gangara, wanda ya fi sauran tsawo da gudu da haɗari. Akwai silalom, mai gajeriyar hanya da ƙofofi a matse, inda ake sauka sau biyu a haɗa lokutan. Akwai kuma babban silalom da ke tsakaninsu. Na huɗun da ake yi yanzu, wato Super-G, sai a 1982 ya shigo. Ban da waɗannan akwai kambun haɗaka, wanda a lokacin ba a yin tserensa ko kaɗan: jami'ai ne ke zama su haɗa sakamakon tseren uku, kamar yadda malamin aji ke haɗa makin jarrabawa a ƙarshen zango ya fitar da na ɗaya.

Yana da kyau mai karatu ya san irin kayan da ake wasan da su a farkon shekarun 1960. Takalman fata ne, katakan sukan kai mita biyu, 'yar silalom kuma hular ulu ce a kanta maimakon hular kwano. Sandunan ƙofa na gora ne masu tauri da ba sa kwanciya idan an buge su, don haka dole a kewaye su, ba a ture su da hannu ba kamar yadda ake yi tun da aka kawo na roba masu lanƙwasawa. Kafin tsere, 'yar wasa takan hau hanyar daga ƙasa zuwa sama a karkace, taki bayan taki, tana haddace ƙofofi hamsin ko fiye, domin doka ba ta yarda a gwada hanyar silalom kafin a fara ba.

Manyan gasannin kuma uku ne, kuma a nan ruɗanin ya samo asali. Akwai Olamfik da ake yi duk shekara huɗu. Akwai gasar zakarun duniya, wadda hukumar wasan ta duniya, FIS, ke shiryawa a wuri guda cikin mako ɗaya ko biyu. Akwai kuma gasar cin kofin duniya, wadda ake tara maki daga tsere zuwa tsere tsawon lokacin sanyi gaba ɗaya.

Yadda yarinya daga bakin teku ta zama zakara a shekara 16

An haifi Marielle ranar 28 ga Satumban 1945 a Sainte-Maxime, wani gari da ke gaɓar Bahar Rum inda ƙanƙara baƙuwa ce. Mahaifinta Robert tsohon ɗan ƙwallon ƙafa ne da ya buga wa Marseille, kuma iyalin sun koma Val-d'Isère, ƙauyen da ke kan tsauni mai tsawon mita 1,850, inda ta tashi tare da yayarta Christine wadda aka haifa a 1944. A wannan ƙauye ne kuma Jean-Claude Killy, shahararren ɗan zamiyar Faransa na zamaninta, ya girma.

Baiwa kaɗai ba ta isa bayani ba. A wasannin Olamfik na bazara da aka yi a birnin Rum na Italiya a 1960 Faransa ta dawo gida babu zinare ko ɗaya, abin da ya ɓata wa gwamnatin Janar de Gaulle rai, ta shiga zuba kuɗi a harkar wasanni a ƙarƙashin Maurice Herzog, shahararren mai hawan tsaunin nan da aka ɗora wa kula da matasa da wasanni. A ɓangaren zamiya, Honoré Bonnet ya karɓi ragamar tawagar ƙasa, ya mai da horo aikin shekara gaba ɗaya, kamfanonin ƙera katakai da takalma na ƙasar suka tsaya a bayansa. Goitschel ta zo ne daidai lokacin da wannan tsari ya fara nuna.

A gasar zakarun duniya ta 1962 a Chamonix ta Faransa, tana da shekara 16, ta zo ta biyu a silalom, ta kuma ɗauki kambun haɗaka. Ko wannan zinare na farko sai da ya jira hukuncin ofis, domin a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka an hana 'yan wasan Jamus ta Gabas izinin shiga Faransa, matsayin gasar ya shiga rububi, daga baya FIS ta tabbatar da ita a matsayin cikakkiyar gasar duniya.

Tsere ɗaya, kambu biyu

A Innsbruck ta ƙasar Ostiriya a 1964, dusar ƙanƙara ta yi ƙaranci har sai da sojoji suka yi ta jigilarta zuwa hanyoyin tsere. Ranar 1 ga Fabrairu Christine ta ci silalom, Marielle ta zo ta biyu, Jean Saubert ta Amurka ta uku. Bayan kwana biyu, a babban silalom, sai aka juya: ƙanwa ta ɗauki zinare, yaya ta yi kunnen doki da Saubert a kan azurfa. Ya da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya sun raba matsayi na ɗaya da na biyu sau biyu cikin kwana uku. A nan ne Marielle, wadda aka sani da barkwanci da rashin shakkar magana, ta shaida wa 'yan jarida cewa an yi mata baiko da Killy, jaridu suka buga, alhali zolaya ce kawai.

Ga dokar da ta raba masu lissafi. Daga 1948 zuwa 1980, duk shekarar da aka yi Olamfik, tseren Olamfik shi ne kuma gasar zakarun duniya. Wadda ta ci zinare a Innsbruck ta zama zakarar Olamfik kuma zakarar duniya a sauka guda. Kambun haɗaka kuwa Kwamitin Olamfik ya cire shi daga jerin wasanninsa daga 1952 har zuwa 1988, amma FIS ta ci gaba da lissafa shi tana ba da lambarta. Saboda haka haɗakar da Marielle ta ci a 1964 zinare ne na duniya, ba na Olamfik ba.

Mai cewa biyu, lissafin Olamfik yake yi: babban silalom na 1964 da silalom na 1968 a Grenoble ta Faransa, inda ta doke Nancy Greene ta Kanada da tazarar da ba ta kai rabin sakan ba, Annie Famose ta Faransa ta zo ta uku. Idan aka ƙara azurfar Innsbruck, lambobinta na Olamfik uku ke nan. Mai cewa shida, lissafin duniya yake yi kamar yadda aka sanar a filin wasa: haɗaka a 1962, babban silalom da haɗaka a 1964, babban silalom da haɗaka a 1966, sai silalom a 1968. Na bakwai ɗin yana da nasa labarin.

Abin da ya faru a Portillo

A watan Agustan 1966 aka yi gasar zakarun duniya a Portillo ta ƙasar Chile, a kan tsaunukan Andes, karo ɗaya tilo da aka kai ta kudancin duniya, inda Agusta ke zama tsakiyar hunturu. Faransa ta kwashe lambobi 16 daga cikin 24. Marielle ta ci babban silalom da haɗaka, ta zo ta biyu a silalom a bayan Famose, ta kuma zo ta biyu a gangara a bayan wata 'yar Ostiriya mai shekara 18, Erika Schinegger, wadda ƙasarta ta karrama a matsayin gwarzuwar shekara.

A ƙarshen 1967, ana shirin wasannin Grenoble, aka fara gwajin ƙwayoyin halitta ga 'yan wasa mata, sakamakon Schinegger ya nuna ƙwayoyin namiji. An haife shi mata-maza ne, gaɓoɓinsa na namiji suna ɓoye a cikin jiki, iyaye suka raine shi a matsayin 'ya mace a wani ƙauye na yankin Carinthia, shi kansa bai san komai ba sai ranar da likitoci suka faɗa masa. Aka yi masa aiki, ya koma suna Erik, ya yi aure, ya haifi 'ya, ya kuma buɗe makarantar koya wa yara zamiya. Ya so ya ci gaba da tsere a cikin maza, amma ƙofar tawagar ƙasarsa ba ta buɗe masa ba. A 1988, bayan shekara 22, ya miƙa wa Goitschel lambar zinaren da hannunsa, kuma a yau ita ake lissafa wa tseren gangara na 1966. Da wannan lambobinta na gasar duniya suka zama zinare bakwai da azurfa huɗu, jimilla 11.

Ɓangarori biyu na muhawarar gwaji

Wannan labari bai tsufa ba, domin gardamar da ya taso da ita tana nan da ranta. Masu goyon bayan gwaji suna cewa an ware rukunin mata ne tun farko saboda ƙarfi da nauyi da tsokar da balagar namiji ke ginawa, kuma a tseren gangara waɗannan abubuwa ne ke kawo gudu. A ganinsu ba Goitschel kaɗai aka tauye ba. Famose da ta karɓi tagulla azurfa ce rabonta, Burgl Färbinger ta Jamus ta Yamma da ta zo ta huɗu kuwa ko kan dandamali ba ta hau ba, kuma babu lambar da za a kawo daga baya da za ta mayar wa mutum da ranar da ya kamata a tafa masa.

Masu adawa suna tunatar da cewa Schinegger bai yaudari kowa ba, kuma gwajin ƙwayoyin halitta na farko da aka yi ta amfani da shi, na goge cikin kunci a duba a madubin likita, ya cutar da matan da ba su da wani fifiko. Misalin da aka fi kawowa shi ne na María José Martínez-Patiño, 'yar tseren tsallake shinge ta Sifaniya, wadda gwaji ya kayar a 1985 duk da cewa jikinta ba ya amsa sinadarin namiji ko kaɗan. An soke tarihinta, labarinta ya fita a jaridu, sai a 1988 aka mayar mata da haƙƙinta. Irin waɗannan kurakurai ne suka sa Kwamitin Olamfik ya daina gwada dukkan mata a 1999.

Ga shi an dawo gidan jiya da sabon salo. Daga 1 ga Satumban 2025 hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta wajabta gwajin ƙwayar halittar namiji da ake kira SRY ga duk mai son shiga rukunin mata a manyan gasanninta, hukumar damben boksin ta duniya ma ta bi wannan hanya. A wannan watan ne 'yan damben Faransa mata biyar suka rasa damar shiga gasar duniya a Liverpool, ba don sun faɗi gwajin ba, sai don sakamakon bai iso a kan lokaci ba, ga shi dokar ƙasarsu ta taƙaita irin wannan gwaji idan ba don magani ba. Idan hakan ya faru da ƙasa mai arziki, ana iya hasashen abin da ke jiran 'yar wasan da ƙasarta ba ta da wadatattun ɗakunan gwaji, ko wadda za ta koma cikin jama'ar da ba ta yi wa irin wannan magana da sauƙi.

A ganina abubuwa biyu ne da bai kamata a cakuɗa ba. Zinaren Portillo na Goitschel ne, kuma Schinegger ba shi da laifi. Wurin da hukumomi suka fi tuntuɓe a tsawon shekarun nan shi ne rufin asiri da kula da wanda sakamakon ya faɗo a kansa, kuma ingancin sabon gwaji bai ɗauke musu wannan nauyi ba.

Me ya sa ba ta ɗauki kofin duniya ba, me ya sa ta tafi da wuri?

Dalili na farko mai sauƙi ne: kofin bai wanzu ba a mafi yawan shekarunta. A Portillo ɗin nan ne ɗan jarida Serge Lang, tare da Bonnet da kocin Amurka Bob Beattie, suka tsara gasar, aka fara ta a Janairun 1967. Kaka biyu kacal Goitschel ta samu. A ta farko, inda sakamako uku mafi kyau a kowane irin tsere kaɗai ake ƙirgawa, sai a tseren ƙarshe a Jackson Hole ta Amurka aka raba gardama, Greene ta tashi da maki 176, Goitschel da 172. Duk da haka ta ɗauki kambun gangara, ta kuma raba na silalom da Famose. Wanda ya ɗauki nasarorinta bakwai a wannan gasa ya jera su da na Mikaela Shiffrin ta Amurka, wadda ta cika 100 a Fabrairun 2025, bai yi adalci ba, domin ya ɗauki kaka biyu ne ya gwada da fiye da goma.

Dalili na biyu kuɗi ne. A lokacin doka ta ce ɗan wasan Olamfik don sha'awa yake wasa, ba don neman abinci ba, kuma shugaban Kwamitin, Avery Brundage na Amurka, wanda ya riƙe kujerar daga 1952 zuwa 1972, ya sa wa 'yan zamiya ido fiye da kowa saboda alaƙarsu da kamfanoni. A Grenoble ya nemi a goge sunayen kamfanoni daga jikin katakai, aka sasanta a kan cewa za a karɓe katakan daga hannun waɗanda suka yi nasara kafin a ɗauke su hoto. A 1972 aka kori Karl Schranz na Ostiriya daga wasannin Olamfik na Sapporo ta Japan a kan wannan batu. Kowa ya san kuɗi na bi ta bayan fage, ƙasashe kuma sukan fake da ba 'yan wasa aikin gwamnati, kamar yadda aka ɗauki Killy aikin kwastan, amma hanyar da ɗan wasa zai ci moriyar sunansa a fili ita ce ya bar tsere. Killy ya bari a 1968 yana da shekara 24, Goitschel ma a shekarar. Yau wadda ta ci tsere ɗaya a gasar kofin duniya tana tafiya da sama da faran 40,000 na kuɗin Siwizalan, ban da na talla, ga kuma likitocin da ke gyara gwiwar da a da take kawo ƙarshen wasa. Shi ya sa Tessa Worley, wadda ta ci wa Faransa zinaren duniya na babban silalom a 2013 da 2017, ta kai shekara 33 kafin ta yi ritaya a 2023. Ita kuma, da nasarori 16 a kofin duniya, ba ta taɓa samun lambar Olamfik ba.

Abin da ya biyo baya a Faransa

Tashen bai daɗe ba bayan tafiyarsu. Michèle Jacot ta ɗauki babban kofin duniya a 1970, amma a Disambar 1973, a Val-d'Isère, shugabannin hukumar wasan ta Faransa suka kori manyan 'yan wasa shida lokaci guda a kan rikicin ladabtarwa, cikinsu har da 'yan'uwa Britt da Ingrid Lafforgue, tawagar ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Sai da aka shekara 34 bayan Grenoble kafin wata Bafaranshiya ta sake cin zinaren Olamfik a wannan wasa, wato Carole Montillet a tseren gangara na 2002 a Salt Lake City.

Ga talakan tsauni, tasirin ya fi lambobi girma. Nasarorin shekarun 1960, waɗanda aka nuna na Grenoble a talabijin mai launi, sun zo daidai da shirin gwamnati na gina sabbin garuruwan shaƙatawa a kan tsaunuka, irin su Avoriaz da Les Arcs da Flaine. Ƙauyukan da a da samari ke gudu daga cikinsu idan sanyi ya shigo, saboda kiwo ya tsaya, suka koma neman ma'aikatan otal da masu koyar da zamiya da masu kula da na'urorin hawa. 'Yan gidan Goitschel da kansu sun shiga wannan harka a Val Thorens, garin da aka buɗe a farkon shekarun 1970 a kan tsawon mita 2,300: Christine da mijinta Jean Béranger, tsohon kocin tawagar mata, suna cikin waɗanda suka kafa shi, Marielle kuma ta mai da hankali ga koya wa yara.

Wannan tattalin arziki ne ake gardama a kansa gabanin 2030. Masu goyon baya suna ganin wasannin za su gyara hanyoyi da jiragen ƙasa su kawo baƙi, masu suka kuma suna nuni da tsadar wasan da ta fi ƙarfin iyalai da yawa, da ruwa da wutar da ake kashewa wajen yin ƙanƙarar inji, da ƙananan wuraren zamiya da ke ƙasa-ƙasa waɗanda ɗumamar yanayi ta fara tilasta wa rufewa. Garuruwa masu tsawo irin Val Thorens da Val-d'Isère suna da sauran lokaci, amma na gindin tsauni, inda yaran talakawa suka fi samun damar koyon wasan da araha, su ne matsalar ta fara isa gare su.